Mayafin da Bakanike Ya Kwance

Daga kan kujerar tsakar gida,
kwana goma sha tara da faɗuwa.

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, sanyin ƙasar mutane bai daskarar min da ke ba. Yaya aikin asibiti, yaya marasa lafiyanku? Mu nan lafiya lau muke, in aka cire ƙafa ɗaya.

Kar ki tsorata da ganin takarda, ba wasiyya ba ce. Waya ce babu, don tana aljihuna lokacin da na sauko a kanta daga sama.

Ga yadda aka yi. Kwanon ɗakina ya fara yoyo daidai kan filo. Yayanki ya ce in bari zai turo mai gyara ranar Asabar. Na ce ni da na shekara arba'in ina shiga ƙarƙashin tirela, ƙusa huɗu ce za ta gagare ni? Mai Walda maƙwabcina ya ce ga tsani. Na ce tsani na matsorata ne. Na jawo duro, na ɗora benci a kai, na hau da silifa. Ƙusa ta farko ta shiga lafiya. A ta biyu duro ya ce shi ba da shi aka yi shawara ba.

Ƙashin ya karye wuri biyu. Sun naɗe ƙafar da farin simintin nan nasu, wai sati takwas babu takawa. Likita ya tambaye ni shekaruna, na faɗa masa. Ya tambaye ni me na hau, na faɗa masa. Sai ya cire gilashinsa ya goge.

Auta, ban san rana tana da tsawo haka ba. Na ƙirga bulon katanga, na saurari rediyo har na fara yi wa mai karanta labarai gardama. Ran nan ina neman batir a durowar Mamanku, sai hannuna ya faɗa kan jakar saƙarta. Shekara biyu tana nan inda ta ajiye ta, ban taɓa buɗewa ba. Tsinkaye, kwarashi, curin zaren ulu kala-kala, har da guntun fensirin da take maƙalawa a kunne.

Na ce bari in gani, abin nan da ta shekara talatin tana yi tana yi min hira ko kallon hannunta ba ta yi, wace wahala ce a ciki? Na kama tsinke biyu, su ma suka kama ni. Kwana biyu ban da ƙulli babu abin da na haifar. Sai na tuna ni ba da littafi na koyi inji ba. Aji huɗu na tsaya, ga shaida nan a rubutuna. A gareji abin da ka kasa ganewa kwance shi ake yi. Na duba jakar na sami wani aiki da ba a gama ba, na zare tsinken, na riƙa jan zaren a hankali, ido bayan ido, ina kallon yadda kowanne ya shiga wuyan ɗan'uwansa. Wallahi inji ne! Kafin in kai ƙarshe na gane kansa.

Da hula na fara. Mai Walda ya leƙo ta katanga ya ce, "Injiniya, matatar iskar wace mota ce wannan?" Na ce ta kanka ce, zagayo in gwada. Yayanki kuwa da ya shigo ya same ni da zare a cinya, sai ya koma da sauri ya rufe ƙofar gida. Ya ce, "Haba Baba, in mutane suka gani fa?" Na ce su gani, gobe ma a ƙofar gida zan zauna. Kuma na zauna. Da likita ya auna jinina ya ga ya sauka, ya ce wane magani na canja? Na ce zare.

Na yi miki safa, na ba Mai Walda ya kai gidan waya. Ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsawo. Ki sa doguwar a ƙafar da ta fi jin sanyi.

Babanki mai ƙafa ɗaya da rabi.

*

Ranar Lahadi, bayan na taso daga aiki.

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Ni lafiyata ƙalau, sai sanyi da tsayuwa.

Duro, Baba? Duro da benci? Yaya ya kira ni ya faɗa min, na zauna a matattakalar asibiti ina kuka ina dariya har wata abokiyar aikina ta kawo min ruwa. Kullum ina jinyar tsofaffin da suka rantse su ba tsofaffi ba ne, ashe shugabansu yana gidanmu. Ya ce kuma ka ƙi karɓar sabuwar waya, wai takarda ba ta katse mutum yana magana. To ga takarda. Ban sani ba ko ka rubuto, har yau ban ga komai ba. Ka riƙa ɗora ƙafar a kan filo, kuma kar ka soka komai cikin simintin don yin susa. Na san ka.

Maganar saƙa kuwa, Yaya ya kawo min ita da muryar mai sanar da rasuwa. Na ce masa ya ƙyale ka. Ka saƙa har labule in kana so.

Abu ɗaya kawai. A cikin jakar akwai koren mayafi da ba a gama ba, yana kan tsinkensa. Nawa ne. Mama ta fara min shi watan da na taho nan, ta ce ba za ta bari sanyi ya ci min kafaɗa ba. Da shi ta tafi asibiti. Duk ranar da na kira sai ta ɗaga min shi in ga inda ta kai. Da na zo gaisuwa na kasa buɗe durowar. Yanzu zan iya ganinsa. Don Allah kar ka taɓa shi, ko tsinken kar ka zare. Ba na so a ƙarasa shi, ina son sa yadda hannunta ya bar shi. Ka ba Yaya jakar gaba ɗaya ya aiko min, ni zan aiko maka sabbin tsinkaye da zare mai kyau.

A gaida Mai Walda, ka ce na gode da tayin tsani.

Autarka.

*

Daga ƙofar gida,
kwana arba'in da ɗaya da faɗuwa.

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Ta yi saɓani da tawa a hanya, ko gaisawa ba su yi ba. Na karanta ta sau uku. Bayan na ukun sai da na nemi ruwa.

Ƙafa da sauƙi, sai ƙaiƙayi. Maganar susa kin makara, tsinken saƙa kamar don ita aka ƙera shi.

Labarin unguwa: yanzu ofishina ƙofar gida, daga hantsi zuwa azahar. Tsofaffin abokan gareji sun zo dubiya su huɗu, suka tsaya cirko-cirko. Wanda muke kira Dogo ya ce, "Injiniya, ashe ba ƙafa kaɗai ka buga ba." Na ce Dogo, kai da ka taɓa ɗaura giya a juye mota ta riƙa tafiya da baya, yau kai ne mai duba kan mutane? Aka yi dariya, ya zauna. Kafin su tashi ya tambaye ni ko ina yin hular manyan kai. Mai Walda kuma da ya fara yi min tsiya, yanzu da hulata yake fita da safe, sanƙonsa ya sami rufi kafin ɗakina ya samu. Yayanki har yanzu ta bayan layi yake ajiye mota.

Kin ga ina ta zagaye. To bari in zo.

Jaka ba za ta zo ba. Sabbin tsinkayenki ki riƙe abinki, waɗannan sun saba da hannun gidan nan. Kuma jakar nan 'yar gida ce, ba ta cikin masu tafiya su bar mu. Inda aka ajiye ta nan take zama.

Koren abin da kika ce kuma, na gan shi. Yawancinsa yana nan lafiya.

Af, na kusa mantawa. In wani ƙunshi ya iso, ba sai kin buɗe ba. Safar ba ta yi kyau ba, kunyarta nake ji. Ki mayar wa wanda ya kawo, ki ce ba nan ba ne.

Babanki.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Ina fata ƙafa ta yi sauƙi. Ni ina nan.

Ƙunshin ya riga takardarka isowa da kwana biyu. Na buɗe shi da murna a ɗakin hutu, a gaban abokan aiki. Kore ne. Bakin zaren da ka bari yana lilo duk a lanƙwashe yake, irin na abin da aka warware. Ba sai an faɗa min ba.

Da ka ce min ka yi kuskure, da na yi kukana na share hawaye. Sai ka ce yawancinsa yana nan lafiya. Har a wannan ma wasa, Baba?

Kuma na gane maganar masu tafiya su bar ku. Na san ban iso ba sai bayan kwana tara da binne ta. Na san Yaya ne ya riƙe hannunta, ba ni ba. Shekara biyu ina jiran ranar da wani a gidan zai faɗa min. Ban zaci a cikin raha za ta zo ba.

Ka riƙe jakar.

Auta.

*

Daga ɗakina. Na daina ƙirga kwanaki.

Autata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. An cire siminti, ƙafar ta fito siririya kamar ba tawa ba, ina takawa da sanda. Lafiyar ke nan, ba zan ja ta ba.

Sati biyar ke nan da zuwan takardarki. Na yi ta jira ko wata za ta biyo ta, ba ta biyo ba. Wannan ce ta shida da na rubuta. Biyar na yayyaga, don kowacce sai in rufe wa wasa ƙofa ya shigo ta taga. In kin ga ya leƙo a wannan, ki yi haƙuri, shi kaɗai ne harshen da na ƙware a kai.

Na farko. Wallahi tallahi jaka nake nufi. Ɓoye laifina nake yi, na jawo maganar da ta zo bakina na rufa a kai, ban duba tana da kaifi ba. Wa ya ɗauki akwatinki a ka ranar tafiya? Wa ya bi gareji-gareji yana cewa 'yarsa ta sami aiki a babban asibiti, har aka fara gudunsa? Kuma ga abin da ba ki sani ba. Da jikin ya tsananta Yayanki ya ɗauko waya zai kira ki, Mamanku ta hana. Ta ce saura sati biyu ki zauna jarrabawar aiki, kar a tayar miki da hankali. Ni na karɓe wayar daga hannunsa. In akwai mai laifin kwana taran nan, ga shi nan zaune da sanda.

Na biyu. Na kwance mayafin. Duka, har idon farko. Safa biyu suka fita daga ciki, sauran na naɗe shi curi. Amma jan zaren ba shi ne babban laifina ba. Wata biyu ina zaune gefen gadonta ina ganin koren abu a hannunta, ban taɓa cewa na wane ne ba. Wannan ne ya hana ni rubutu.

Na uku, kuma a nan ba zan sunkuya ba. Ba zan ce da ma ban buɗe jakar ba, kuma ba zan ajiye tsinke ba. Matata ce. Shekara talatin da shida muna tare, amma a yinin da na kwance abin nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Da ido casa'in ta fara. Layukan farko a jere suke tsaf, kamar an auna da ma'auni. A layi na sittin ido ɗaya ya suɓuce mata ya bar rami, ba ta koma ta gyara ba, ita da take sa ni in sake wanke kofi. Daga nan idanun suka fara faɗi, don hannun ya daina ja. Layi na ɗari da arba'in bai kai ƙarshe ba. A ido na goma sha ɗaya ta tsaya.

Kina mamakin yadda na sani? Bakanike ba ya kwance inji bai yi zane ba. Duk na zana shi a bayan kalanda da fensirinta, layi-layi, har da faɗinsa da tsawonsa a ma'aunin yatsa. Jahili ne ni, amma ba irin wanda ke kwance abu ya rasa inda noti ya fito ba.

Yayanki ya ce a mayar da jaka durowa, ya je kanti ya sayo miki mayafi mai kyau a rufe maganar. Na ce ya fita min da kantinsa.

Zan mayar da shi yadda na same shi. Ba zai zama nata ba, na sani, ba sai kin faɗa ba. Ban ce ki yafe min ba. Cewa na yi ki aiko min da safar, zarenta nake bukata.

Babanki.

*

Ranar Laraba.

Baba,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗi an cire siminti. Ka riƙa takawa kaɗan-kaɗan, ƙasa nake nufi, ba benci ba. Ni lafiya lau.

Safa ba ta dawowa. Tana ƙafata yanzu haka. Ɗaya ta kusa gwiwa, ɗaya da ƙyar ta rufe idon sawu, diddigen kuma a gefe yake, ban san ƙafar wa ka auna ba. Tun da ta iso tana cikin durowa ba na ko kallonta. Ranar da takardarka ta zo na sa ta. Zaren Mama ne, hannunka ne, kuma ba ni da wani abu a ƙasar nan da ya haɗa biyun. Ka nemi zarenka a wani wuri. Taurin kai dai ka san ba wajen Mama na gado shi ba.

Ga sharuɗɗana. Kar ka gyara mata komai. Ramin layi na sittin ina son abina. Inda idanun suka yi faɗi, su yi faɗi. In ka kai ido na goma sha ɗaya ka tsaya, ka bar shi kan tsinke. An ba ni hutu nan da wata huɗu. Sauran ni zan ƙarasa, kai za ka koya min, a ƙofar gida, Yaya ya zo ya riƙe mana zare.

Kar ka ɗauka na huce. Maganar wayar da ka karɓe daga hannun Yaya ban san da ita ba sai yanzu. Na daina jin ni ce na gudu, wannan na gode. Amma uwata ce, da an tambaye ni da na zaɓa da kaina. Wannan ba maganar takarda ba ce. Ka tanadi amsa, ido da ido, kuma ban da wasa.

Autarka.

*

Daga ƙofar gida.

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau, ƙafa tana kai ni har bakin titi ta dawo da ni. Takardarki na sa ta a aljihun gaba. Mai Walda ya ce me ya sa ni murmushi, na ce an yanke min hukunci.

To an ji, riƙe safarki, ɓarauniya.

Na dogara sanda na je kantin masu zare. Mai kantin ta jera min kore kala shida, babu na Mamanku ko ɗaya. Ta ce, "Baba, wa za a saƙa wa, jika?" Na ce a'a, alƙali. Na ɗauko wanda ya fi kusa. Don haka wajen ƙarshe za ki ga wani yanki korensa ya bambanta. Nan ne gurbin safarki, kowa ya gani ya san aikin waye.

Amma ga inda gyaran ya tsaya. Na kai layi na arba'in ina jin kaina, na shimfiɗa shi kan zanen, sai na ga ya fi nata ƙanƙanta da yatsa huɗu. Hannuna ne. Shekara arba'in ina ɗaure noti har sai ya yi ƙara, yanzu zare ma shaƙe shi nake yi. Na warware na sake, ya rage yatsa biyu. Na sake warwarewa. Wata tsohuwa da ke wucewa ta tsaya ta daɗe tana kallona, ta ce, "Malam, sassauta masa, ba gudu zai yi ba." Yanzu sassautawa nake koyo, da tsufana. Ramin kuma na gwada shi a gefe sau bakwai, kullum sai ya fito tsaf kamar da gangan. Ashe kuskuren wani ya fi aikinsa wuyar kwaikwayo.

Yau da hantsi na auna, karo na huɗu ke nan, ya hau kan zanen daidai. Layi ashirin da uku. Saura ɗari da goma sha shida, da ido goma sha ɗaya, ga wata uku da kwana tara. In ban sake hawa komai ba zan kai.

Ɗaya aikin da kika ba ni kuwa, na ido da ido, shi babu zanensa a bayan kalanda. Kullum in na zauna da tsinke shi nake juyawa. Har yau ko layin farko ban ɗora ba.

Ki taho da rigar ruwa. Kwanon har yanzu yana yoyo, na matsar da filo.

Babanki.